Kaskar Ɓera da Shari'ar Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

A birnin Landan an yi wata tsohuwa, a cikin gwiwarta ta hagu kuwa akwai gari sukutum, sunansa Birnin Gwiwa. Duwatsu biyu ne a tsakiyar garin, kowanne an lulluɓe kansa da guringuntsi mai santsi, suna gogar juna safe da yamma ba a jin ko ƙis. Wata siririyar ganuwa ta kewaye su, tana tsattsafo ruwa mai yauƙi don kada su ci juna. Zaki ke sarautar garin. Kada wani ya tambaye ni yadda zaki ya sami masauki a gwiwar tsohuwa. Wanda bai yi gardama ba ranar da aka ce Gizo ya shiga cikin giwa yankan kitse, yau ma sai ya ja bakinsa.

Kura ce ke shara da gadi, duk abin da ya mutu ko ya shigo ba sallama sai ta haɗiye. Ita likitoci ke kira makurofaj. Dila, malamin daji, shi ne ƙwayar T mai taimako, ba ya dambe da hannunsa sai dai ya aika. Ƙudan zuma su ne nutirofil, dakarun da kan zo dubu-dubu su yi harbi su mutu cikin 'yan kwanaki. Gafiya kuma, ƙwayar mas, tana zaune a bakin magudanar jini, kumatu tantsan da ƙunshe-ƙunshe, ba ruwanta da kowa sai an taɓa ta.

Mutanen garin ba sa kiran juna da baki, tsattsewa suke aikawa. A kowane gida akwai littafi, iri ɗaya da na maƙwabci, sai dai ba kowa ke buɗe kowane shafi ba. Mai son aika saƙo sai ya buɗe shafin da yake so ya kwafa a allo. Da tawada ta bushe, tsattsewa ta fito daga cikin rubutun ta tashi, shi kuma ya wanke allonsa. Kowace zuriyar tsattsewa magana ɗaya ta sani: wata "ku taso", wata "a hura wuta", wata "ya isa haka". Su ne 'yan furotin ɗin nan da ake kira saitokin.

Ana nan, wata shekara gari ya kama da yaƙi babu abokin gaba. Zuma suka cika ruwa. Kuraye suka yi dandazo a jikin ganuwa, ganuwa ta yi kauri ta miƙo ta hau kan dutse tana cin guringuntsi. Can waje tsohuwa kan wayi gari gwiwa a kumbure, da zafi, sai hantsi ya yi sosai kafin ta iya lanƙwasa ta. A asibiti aka ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda jiki ke yaƙar kansa.

Zaki ya sa aka kirawo Kura.

"Ke Kura, wa ya ce ki ci ganuwar garinku?"

"Ranka ya daɗe, ni baiwa ce. Tsattsewa ke zuwa ta ce a hura wuta, ni kuwa in hura."

"Wace tsattsewa? Daga gidan wa?"

"Allah ya ba ka nasara, wa ke bambance tsattsewa a sama?"

A nan ba ta yi ƙarya ba. Tsuntsayen ƙanana ne ainun, ba su da yawa, galibinsu ba sa wuce gidan maƙwabci, wasu kuma ransu bai fi 'yan mintoci ba. 'Yan Adam ma sun daɗe suna jin kukansu kafin su ga gashin ko ɗaya. A 1957, nan Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka ji wadda ke gargaɗin maƙwabta idan bairus ya shigo, suka sa mata intaferon. A 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa a Niyok suka ji wadda ke ruɓar da ƙari a jikin ɓeraye, ita ce TNF. Da sunaye suka yi yawa har suna cin karo, masana suka taru a Suwizalan a 1979 suka ce a koma lamba: intalukin 1, intalukin 2, haka dai. Ta shida, sai a 1986 aka gano shafinta a gidan binciken Tadamitsu Kishimoto a Osaka. Ana iya ɗebo jini a auna yawansu, amma kogi ba ya faɗin unguwar da tsuntsu ya fito.

Kunkuru, wanda ke bin zaman fada ba ya cewa uffan sai an kusa tashi, ya miƙo wuya ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, labarin zuciya a tambayi fuska. Kowace zuriyarsu da billenta. A nemo wanda ya san bille, wanda kuma in ya kama ba ya saki."

Kowa ya san wa ake nufi. Kaska.

To, kaskar nan ba irin ta kunnen kare ba ce. Baki biyu gare ta, wutsiya ɗaya, a cikin jini take yawo, ita ce antibodi. Uwayensu, ƙwayoyin B, da yawa a saifa suke zaune, kuma kowace uwa alama ɗaya tak take koya wa 'ya'yanta. Sauran duniya ba su gan ta ba.

Doki ya fara tasowa, yana haniniya. "Ranka ya daɗe, wannan sana'ar gidanmu ce. Tun 1890 da Emil Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna a Balin cewa jinin dabbar da ta saba da dafi yana kare wata, ba a ɗauki shekaru ba aka dawo kanmu. Guga-guga ake ɗibar jininmu don yaran da mashaƙo ya shaƙe."

Zomo da Akuya suka ce aikin bai kai na doki ba, a bar musu. Aka kamo tsattsewa ɗaya da ƙyar, aka yi wa Zomo allurarta, aka jira makonni, aka ɗebi jininsa. Kaska kuwa ta fito, amma 'ya'yan uwaye barkatai. Wata ta kama bille, wata fiffike, wata ta kama ƙanwar tsattsewar don sun yi kama, wasu kuma tsofaffi ne da ke neman wani ciwo da Zomo ya yi tun yana yaro. Taron yana da ranarsa, kada a raina shi: in an rufe bille, mai fiffike za ta kama. Sai dai Kunkuru ya yi tambaya ɗaya.

"Ɗan'uwa Zomo, ranar da ka riga mu gidan gaskiya fa?"

"Ga ƙanena."

"Kaskar ƙanenka ita ce taka?"

Zomo ya sunkuyar da kunne. Ba ita ba ce. Ko shi kansa, ta wannan wata ba ta watan jiya ba ce.

Sai aka ji wata 'yar murya daga ƙarƙashin buzun sarki. Ɓera ne. Kura ta tuntsire da dariya, Zaki ya harare ta.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɓera, "mu a gidanmu an taɓa ware uwa ɗaya aka hana ta mutuwa. A Kambirij aka yi, shekarar 1975. Malamai biyu ne: César Milstein, mutumin Ajantina, da wani saurayi Bajamushe, Georges Köhler. Suka yi wa kakana allurar jajayen ƙwayoyin jinin Tunkiya, suka bari uwayen kaska suka koyi fuskar, sannan suka ciro saifarsa."

"Suka mayar masa?" Akuya ta tambaya.

"Yaya Akuya, saifa ba ta fita mai ita ya tashi."

Fada ta yi tsit. Ɓera ya ci gaba.

"Matsalar uwar kaska ita ce, in ta bar jiki, kwana kaɗan ta mutu. Amma akwai wata 'yar'uwarta a danginmu da ciwon daji ya haukata, likitoci na ce mata mayeloma, mu muna ce mata Ta-Ƙi-Kabari. Ita a cikin kwalba ma sai ta yi ta rabuwa biyu, huɗu, takwas, har illa ma sha Allahu, ga 'ya'ya amma ba wanda ya san fuskar da ake nema. Wannan ta san fuska ba ta da rai, waccan tana da rai ba ta san fuska ba. Sai malaman suka zuba su wuri ɗaya, suka sa wani bairus da aka kashe, mai sunan birnin Sendai na Japan, wanda ke narkar da fata ta haɗe da fata. Daga baya aka samo wani ruwa mai danƙo da ke yin aikin. Mata biyu suka koma cikin fata ɗaya."

"Duka suka haɗe?" in ji Kunkuru.

"Ina! Ƙalilan. Nan dabarar take, Baba. Kowane mai rai, kafin ya rabu biyu, sai ya kwafi littafin gidansa, kayan kwafin kuwa ƙofa biyu suke shigowa: babbar ƙofa da ƙofar baya. Malaman sun zaɓi Ta-Ƙi-Kabari wadda aka haifa ba ƙofar baya. Sai suka dafa miya da wani magani mai toshe babbar ƙofa, suka ba kowa. Mahaukaciyar da ba ta haɗe da kowa ba, ƙofarta ɗaya an toshe, ta mutu. Uwar kaska da ba ta haɗe ba, miya ba ta yi mata komai ba, amma kwananta ya ƙare. Wa ya rage? Sai masu fata ɗaya: sun gaji rashin mutuwa daga wannan, sun gaji ƙofar baya da sanin fuska daga waccan. Su ake kira haibiridoma. Yanzu akwai faranti mai ɗaki 96. Sai a tsinka su da ruwa har kowane ɗaki ya samu mace ɗaya, a jira ta hayayyafa, a bi ɗaki-ɗaki ana ɗanɗana 'ya'ya. Ɗakin da 'ya'yansa suka kama abin da ake so, shi za a riƙe. Bana, baɗi, bayan shekara talatin, kaska ɗaya ce, baki ɗaya, bille ɗaya."

Bari in sa baki a nan. A 1984 an ba Milstein da Köhler kyautar Nobel, tare da Niels Jerne, kuma sun cancanta. Ba a ma yi wa dabarar rajistar mallaka ba, kowa ya ɗauka ya yi amfani da ita. Amma shekaru da yawa a cikin tumbin ɓeraye masu rai ake kiwon haibiridoma, ciki ya kumbura da ruwa a zuƙe, kafin ƙasashen Turai da dama su taƙaita hakan a koma kwalba. Ban ji an kira ɓera Sitokhom karɓar kyautar ba.

Zaki ya ce, "An taɓa gwada ta a kan tsattsewa?"

"An yi, ranka ya daɗe. A 1980 David Secher da Derek Burke suka samu wadda ta san billen intaferon. Suka ɗaure 'ya'yanta a cikin bututu, suka tsiyaya ruwa mai tarkace, ta tsamo tsuntsuwar a tashi ɗaya, tsarkinta ya ninka wajen sau 5,000."

Aka ba Ɓera aikin. Wani ƙanensa ya ba da saifa, aka samu kaskar TNF.

Saura yadda za a ga inda ta kama, tunda gari ba ya tsayawa cik. Ranar da likita ya yanko 'yar tsoka daga ganuwa, aka jefa ta cikin fomalin, kowa ya sandare inda yake, Kura da baki buɗe, zuma a tsakiyar harbi. Aka zuba kakin kyandir ya daskare, aka sa wuƙa ta yanko falle mai kaurin maikiron 4, wanda sai an jera fiye da goma kafin su kai kaurin gashin kai. Aka shimfiɗa a gilashi, aka narke kakin, aka saki kaska. Da can, tun dabarar Albert Coons ta 1941, fitilar maƙesu ake ɗaura mata a wutsiya a duba cikin duhu. Daga 1966 Nakane da Pierce suka kawo wani sinadari daga saiwar wani tsiro mai yaji, wanda ke barin tabo ruwan ƙasa. Akuya ma ta samu abin yi, don kaskarta aka koya wa cizon wutsiyar kaskar Ɓera, ita ke ɗauke da rinin. Aka ɗan shafa shuɗi don gidaje su fito, aka kai ƙarƙashin madubin likita.

Shuɗi fes. Babu tabo ko ɗaya.

Kura ta yi guɗa. "Ka gani, ranka ya daɗe? Babu wata TNF a garin nan. Ɓera maƙaryaci ne, a ba ni shi in karya kumallo."

Kunkuru ya ce a dakata. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "Rashin gani ba rashin abu ba ne. Fomalin ya ɗinke kowa da maƙwabcinsa, fuska ta naɗe. Taron Zomo da sun kama ƙafa ko fiffike. Wannan bille ɗaya ta sani, an rufe shi, ta makance."

Aka sake yanko wata tsoka, wannan karon ba fomalin mai yawa ba kaki, ƙanƙara aka sa. Daga baya, a 1991, Shan-Rong Shi da abokansa a Kalifoniya suka gano cewa in aka tafasa fallen mai fomalin, ɗinkin kan warware fuskoki da yawa su buɗe, abin da hankali bai zata ba, don tafasa ita ce ta saba lalata furotin. Ko ma dai yaya, tabo ya fito. Ruwan ƙasa ya jeru a jikin ganuwa, ya yi kauri a daidai inda ganuwa ke cin guringuntsi. A ƙofar wa? A ƙofar kuraye.

"Ke Kura!"

"Ranka ya daɗe, wallahi saƙo ke zuwa mini."

"Daga gidanki ya fito."

Kura ta yi shiru, ta sosa ƙeya. "To, ni ke aikawa, ya zaga ya dawo, in ji an ce a hura wuta, in hura, in sake aikawa. Ai umarni umarni ne."

Haka malaman Cibiyar Kennedy ta Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini da ɗalibansu, suka gani a naman majinyata a 1991. Shekara biyu kafin nan, Fionula Brennan ta yi abin da ya fi gani. Ta ɗebo mazauna irin wannan gari ta zuba a kwano, suka kwana da kwanaki suna sakin intalukin 1 ba wanda ya zuga su. Da ta zuba kaskar da ke toshe bakin TNF, intalukin 1 ma ta yi ƙasa. Ashe tsuntsayen ba tsara ba ne, akwai madugu. A 1992, a asibitin Charing Cross, aka ɗura wa majinyata 20 wata kaska da Jan Vilček da Junming Le suka fara samarwa a Niyok, bakinta na ɓera, gangar jikinta ta ɗan Adam don kada jiki ya gane baƙuwa ce ya kore ta. Ita ce infiliksimab. Kumburi ya saɓe. Tsohuwarmu ta hau bene da ƙafarta.

Daɗi ya ɗebi Zaki, ya sa aka yi shela: duk garin da aka ga TNF ta yi yawa, a ɗaure ta. Kunkuru ya ce a bi a hankali, ganga ta danne muryarsa.

Labari ya zo daga Gambiya. A 1990 an auna jinin yara masu zazzaɓin cizon sauro, aka ga waɗanda ya hau wa kai har suka rasu, TNF ɗinsu ta ninka ta masu zazzaɓi mai sauƙi wajen sau 10. Wa zai ce ba ita ce mai laifi ba? Aka gwada kaskar ɓera a kan yara sama da 600, rabi da ita rabi babu, sakamako ya fito a 1996. Mutuwa ba ta ragu ba. Cikin waɗanda suka rayu ma, masu kaskar sun fi fitowa da larurar ƙwaƙwalwa. Masana sun yi zaton kaskar ta riƙe tsuntsuwar ne cikin jini ta tsawaita mata kwana. Sai kuma a 2001 rahoto ya fito daga Amurka: mutum 70 da aka ba infiliksimab tarin fuka ya taso musu. Ashe a Birnin Huhu, TNF ɗin nan ce ke sa kuraye su kewaye ƙwayar tarin fuka su yi mata kurkuku. An ɗaure mai gadi, fursuna ya fito. Tun daga nan ba a ba mutum irin wannan magani sai an duba ko yana ɗauke da tarin fuka a kwance.

Ina Gizo duk wannan lokaci? Yana kasuwa. Ya ga kowane malami na neman kaska, ya kafa rumfa, matarsa Ƙoƙi na rubuta takardun liƙawa. "Yanka ya daɗe, kashka ce ta gashke, 'yay uwa ɗaya!" Wasu na gaske ne kuwa. Wasu ya sayo daga wata rumfa ya sake musu suna. Shi kansa bai san wace ce wace ba, bai kuma tambaya ba. Tabo ya cika gilasai. Kura na da wasu ƙugiyoyi a jiki da ke cafke kowace kaska ta wutsiya, sai a ga tabo a ce an kama tsuntsu. Zuma kuwa da irin sinadarin rinin nan a cikinsu aka haife su, in ba a kashe shi da ruwan wanke miki tun farko ba, za su rine kansu ko babu kaska a garin. Kunkuru ya ƙara da abin da ba wanda ya so ji: zama 'yar uwa ɗaya ba shi ne gaskiya ba. In wani baƙo na da tabon da ya yi kama da billen, uwa za ta kama shi, 'ya'yanta miliyan su kama shi tare, murya ɗaya, kullum, mai kallo ya ce ai shaida ta yi ƙarfi.

A cikin wannan hayaniya aka kama Gafiya.

Akwai wata tsattsewa, intalukin 17, mai kiran zuma. Kowa ya san malamai daga zuriyar Dila ke rubuta ta. Amma a 2010 masana a Gilasgo suka duba ganuwar irin wannan gari, suka tarar mafi yawan tabon ba a gidan Dila yake ba, a kumatun Gafiya yake. Aka zo da ita gaban sarki, ƙunshe-ƙunshenta na zuba.

Dila ya gyara rawani ya ce, "Allah ya gafarta wa iyayen sarki, shekara nawa ana zargina? Ga shi an duba gidana, wayam. Ga mai laifi da kaya a baki."

"Inna Gafiya," in ji Zaki, don ta girme shi, "me za ki ce?"

"Ranka ya daɗe, a bakina take, ban musa ba. Amma ban rubuta ba."

Aka fara da zargin kaska, ko hajar Gizo ce. Aka sake da wata, tabo ya dawo inda yake. Aka fasa ƙunshin aka auna abin da ke ciki, tsattsewa ce ta ainihi. Kura ta ce magana ta ƙare, a yanke hukunci.

Kunkuru ya ce, "Ranka ya daɗe, me aka tambayi kaska? An ce ina tsuntsuwa take. Ta nuna. Ba a tambaye ta wa ya rubuta ba, ko an tambaye ta ba ta sani ba, fuska take gani ba tarihi ba. Mai rubutu allo gare shi. A je ramin Gafiya a duba allo."

Wannan duban shekara shida ya ci. A 2016 masana a Amsadam suka ba da labarin abin da suka samu: allon Gafiya babu ko ɗigon tawadar wannan shafi, ba ta ma da mabuɗin da ke buɗe shi. Da suka ajiye ta a kwano suka sakar mata intalukin 17 daga waje, sai suka ga ta cafke tana cusawa a kumatu. Ta adana, in an jima ta sake ta, tsuntsuwar kuma ta fito da ranta da muryarta.

"To don me gidan Dila ya zama wayam?" Zaki ya tambaya.

"Don tasa ba ta kwana a gida," in ji Kunkuru. "Da tawada ta bushe ta tashi. Wanda ya fi kowa aikawa na iya fin kowa tsabtar ɗaki. In ana son kama shi, a kai shi kwano, a zuga shi, a sa maganin nan da ake samu daga wani naman gwari, burefeldin, mai kulle ƙofar fita, a jira 'yan sa'o'i tsuntsaye su taru ciki. Sannan a huda bango da saponin, sabulun ɓawon itace, kaska ta shiga."

Aka yi haka. Gidan wasu 'yan ƙalilan daga zuriyar Dila ya yi jawur da tabo, allonsu ɗanye shakaf. Dila ya ce a gafarce shi, lokacin salla ya yi.

Zaki ya rasa inda zai ajiye Gafiya. Ba ita ta rubuta ba, amma ba a ce hannunta tsarkakakke ba, tunda abin da ta tara tana iya zazzage shi ranar da wuta ta fara lafawa. Ta yiwu kuma tarawar ce ke rage wa gari hayaniya. Ya ce ta koma raminta, a sa mata ido. Tana fita tana tsince ƙunshe-ƙunshenta, Kura ta bi ta da harara: "Gafiya, tsira da na bakinki." Da aka ƙera maganin ɗaure intalukin 17, ya yi abin mamaki a wani ciwon fata mai ɓamɓaroki da wani amosanin ƙashin baya, amma a garuruwa irin Birnin Gwiwa bai kai na TNF ba.

Raƙumi, wanda ba ya zuwa taro sai an watse, ya iso da yamma ya ce an gaya masa ana neman kaska. Tun 1993 malaman Burasal suka gano wata kaska tasa ba ta da rabin kayan da sauran ke ɗauke da su, in an ciro bakinta kaɗai, ɗan mitsitsi ne mai shiga lungun da ta Ɓera ba ta shiga. Ɓera ya yi masa maraba da gaske. Ya ce ya ji yanzu ana kwafe shafin kaska daga littafi a ba ƙwayoyin kwalba su ƙera, ba sai an nemi saifar kowa ba, shi kuwa ba ya kishin wannan sana'a.

Kunkuru ya nemi alfarma ɗaya: a bar shi ya bi rumfar Gizo. Ya sa aka gina masa ƙauyuka biyu-biyu, komai nasu ɗaya, sai dai a ɗayan an sa almakashin Kirisfa an yanke shafi guda daga littafin kowane gida, ta yadda abin da ake nema ba zai taɓa fitowa a can ba. Kaskar da ta ciji a ƙauye mai shafi ta bar marar shafi, ta ci. Wadda ta ciji a duka biyun, wani abu daban take cizo. Ya kuma leƙa ɗakunan uwayen, don a 2018 an duba haibiridoma 185 an tarar kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da ƙarin baki da ba a san da shi ba. Aiki ne na kunkuru, ba mai yi masa kiɗa. A Monturiyal ta Kanada wasu masana sun yi irinsa, a kan furotin masu alaƙa da ƙwaƙwalwa, suka fitar da lissafi a 2023: kaska 614 ta kasuwa, furotin 65, fiye da rabi sun faɗi a gwaji ɗaya ko fiye. Waɗanda aka ƙera daga kwafin shafi sun fi sauran cin jarrabawa, kuma wasu kamfanoni sun janye hajar da ta faɗi.

Da Kunkuru ya karanta nasa lissafin a fada, Gizo ya faɗi yana birgima. "Wayyo, Ƙoƙi ta cuce ni! Yanka ya daɗe, ni ban iya kayatu ba." Ya rantse, ya kwashe kwalaben da suka faɗi ya zuba a buhu a gaban kowa, ya saɓa ya ce rafi zai kai su.

Da dare maƙwabta suka ga fitila a ɗakin Gizo har asuba. Ƙoƙi ce ke yankan sababbin takardu, shi yana lasa yana liƙawa. Ranar kasuwar gaba ya kafa rumfa a ƙofar Birnin Hanta, inda Kunkuru sai ya yi wata uku kafin ya isa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.